Tsakanin Ƙirji da Aljihu: Tarihin Wata Tsohuwar Kalmar Turanci

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiyar ɗalibai masu nazarin harsuna



Da farko muna godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba mu damar tsayawa a gabanku, alhali kuwa a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi mu sani nesa ba kusa ba. Muna roƙon malamanmu, in sun ga mun yi tuntuɓe su tashe mu, domin ɗan koyo ba ya rasa kuskure. Abin da za mu yi magana a kansa a yammacin nan kalma ce guda ɗaya tak ta Turanci, mai haruffa biyar, wadda ake rubutawa "bosom", ake kuma furta ta kamar "buzam". Wataƙila wani ya ce, duk matsalolin da suka dami ƙasa a rasa abin da za a tara jama'a a kansa sai kalma ɗaya? To, a yi mana haƙuri mu kai ƙarshe tukuna.

Muna aji huɗu a makarantar sakandare aka ba mu wani guntun labari na Turanci mu mayar da shi Hausa. A cikin labarin wani dattijo ya rasu, sai "bosom friend" ɗinsa ya zo yana ta kuka. Muka buɗe ɗan ƙaramin ƙamus ɗin da muke da shi, muka tarar ma'anar farko da ya bayar ita ce ƙirjin mace. Nan take aji ya ɗauki dariya ƙasa-ƙasa, 'yan matan da ke cikinmu suka sunkuyar da kai. Da yawanmu muka rubuta cewa mai kukan ɗan'uwan mamacin ne na shan nono, har muna ganin mun yi gwaninta. Da takardu suka dawo sai muka ga jan biro ya sha aiki. Malamin ya ce amini ake nufi, bai ƙara ko uffan ba, mu kuma kunya ta hana mu tambaya. Amma tun daga ranar abin yake cinmu a rai: me ya haɗa amini da ƙirji? Amsar da muka samo bayan mun zo jami'a ita ce muka kawo muku yau.

Sai mu fara da masu kalmar. A ƙarni na 5 bayan haihuwar Annabi Isa, wasu ƙabilu daga arewacin Jamus da ƙasar Danmak ta yau, watau Angilawa da Saksonawa da Jutawa, suka ƙetare teku suka zauna a tsibirin Birtaniya. Harshen da suka zo da shi shi ne ake kira Tsohon Turanci, wanda aka yi ta magana da shi har zuwa wajen shekarar 1100, kuma Baturen Ingila na yau ba zai iya karanta shi ba sai ya koya kamar baƙon harshe. A cikin kayan da suka ƙetaro da su har da kalmomi biyu na wannan sashe na jiki: "breost", wadda ta zama "breast", da kuma "bosm", wadda ta zama kalmarmu ta yau. Shaidar cewa da su suka zo ita ce danginsu da suka bari a baya har yanzu suna da su. Bajamushe yana cewa "Brust" da "Busen", mutumin Holan kuma yana cewa "borst" da "boezem".

To, ina "chest", wadda ita ce likita zai faɗa mana yau in mun je asibiti da tari? Ita wannan ba ƙirji take nufi ba a wancan zamani. Ararriya ce daga Latin, "cista", su ma Rumawa daga Girkanci suka aro ta, kuma ma'anarta akwati ko adaka, har da akwatin gawa. Sai bayan ƙarnuka masu yawa aka dubi haƙarƙari ya kewaye zuciya da huhu kamar akwati, aka fara kiran ƙirji da sunan. Ke nan wadda muke ɗauka ita ce ta ainihi, ita ce baƙuwa, wadda ta ba mu dariya a aji kuwa ita ce 'yar gida.

Wani zai tambaya, me ya sa ake rubuta ta da "o" amma a furta ta da "u"? Dalili kuwa shi ne a Tsohon Turanci da dogon "o" ake faɗinta, kuma babu wasali tsakanin "s" da "m". Da tafiya ta yi tafiya sai baki ya gaji da haɗa baƙaƙen nan biyu, ya cusa wasali a tsakaninsu, kamar dai yadda mu ma muka yi da muka ari "direba" da "fulawa". Haka ya faru ga "botm" da ta zama "bottom". Sa'an nan daga wajen ƙarni na 15 dogayen wasulan Turanci suka yi wani babban juyi, dogon "o" ya koma dogon "u", daga baya kuma a wasu kalmomi ya gajarce, irin su "book" da "foot" da tamu. Amma William Caxton ya riga ya kafa injin buga littattafai a Ingila a 1476, rubutu ya kama hanyar daskarewa, baki kuwa ya ci gaba da tafiyarsa. Saboda haka duk lokacin da muka rubuta kalmar nan, furucin mutanen da suka mutu shekaru ɗaruruwa muke rubutawa.

Game da tushenta na can asali, masana sun rabu gida biyu. Wasu sun ce daga wata tsohuwar saiwa take mai ma'anar kumbura, watau wurin da ya taso a jiki. Wasu kuma sun danganta ta da saiwar da ke nufin dantse ko kafaɗa, wadda ta haifi "bough", reshen itace, domin a Tsohon Turanci ita wannan kalma tana nufin kafaɗa kuma tana nufin reshe, ta kuma haifi "bahu", hannu, a harshen Sanskirit na Indiya. Bisa ga wannan ra'ayi na biyu, "bosm" ita ce filin da ke tsakanin ƙirji da hannuwa biyu sa'ad da mutum ya rungumi wani abu. Mu dai ɗalibai ne, ba mu isa mu raba gardamar manya ba. Amma in aka dubi yadda aka yi ta amfani da kalmar, za a ga kusan dukan ma'anoninta suna komawa ga wannan hoto guda: wani rami mai ɗumi, kusa da zuciya, inda mutum yake ajiye abin da ba ya so ya rasa.

Akwai wata 'yar'uwarta da za ta taimake mu, watau "fathom", ma'aunin zurfin ruwa na masu jiragen teku, mai tsawon ƙafa 6. A Tsohon Turanci ma'anarta runguma ce, ko tsawon hannuwa biyu in an ware su. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu haƙar rijiya ya san abin da muke shirin faɗa. Mu ma da "gaba" muke auna igiya da zurfin rijiya, kuma ita ce dai "gaba" ɗin da ke faɗuwa in mun firgita. In aka ce wa malami rijiya gaba dubu, da ƙirji da hannuwa aka auna zurfin iliminsa. Ba mu ce kalmomin nan dangin juna ne ba, ko kusa. Abin da ya haɗa su shi ne Bature da Bahaushe jiki iri ɗaya Allah ya ba su, kowannensu kuma da jikinsa ya fara auna duniya.

Yanzu sai mu bi ma'anonin ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ita ce cikin abu. A shekarar 937 Sarki Athelstan na Ingila ya ci nasara a kan rundunar haɗin gwiwa ta sarkin Dublin da sarkin Sikotlan a wani wuri da ake kira Brunanburh. A cikin waƙar da aka rubuta ta wannan yaƙi, da mawaƙin ya zo bayanin abokan gaba da suka ƙetaro teku, da kalmar "bosm" ya kira cikin jirgin ruwan da ya ɗauko su. Ku duba, mayaƙa ne da takubba, babu mace ko ɗaya a zancen. A rubuce-rubucen wancan zamani akan yi amfani da ita kuma ga mahaifa, da cinyar da ake ɗora yaro a kai. Daga nan ne aka sami maganganun da suka wanzu har yau, inda Bature zai ce mutum ya koma "bosom" na iyalinsa, watau ya koma cikin danginsa inda ake ƙaunarsa.

Ma'ana ta biyu ta tufafi ce. Kafin ɗinka aljihu a jikin kaya ya yaɗu a Turai, wajen ƙarni na 16 zuwa na 17, mutum yakan ɗaure rigarsa da ɗamara a ƙugu, sai saman rigar ya yi masa kamar jaka a ƙirji. A nan yake cusa wasiƙa, ko kuɗi, ko guntun burodi. Wannan wuri ma "bosom" ne sunansa. Kun san tatsuniyar Aesop ta manomin da ya tsinci maciji sanyi ya sandarar da shi, ya ji tausayinsa ya sa shi cikin rigarsa, da macijin ya ji ɗumi ya farfaɗo sai ya sare shi. Daga wannan tatsuniya Turawa suke kwatanta butulu da macijin da aka rena a "bosom". Haka nan a fassarar Littafi Mai Tsarki ta zamanin Sarki James, ta 1611, da aka zo labarin mu'ujizar hannun Annabi Musa, alaihis salam, da wannan kalma aka kira inda ya sa hannunsa.

A nan ne muka gamu da abin da ya fi ba mu mamaki. Alƙur'ani mai girma ya ambaci wannan mu'ujiza a Suratun Namli aya ta 12 da Suratul Ƙasas aya ta 32, kalmar Larabcin da ta zo a wurin kuwa ita ce "jaib", watau wuyan riga, buɗaɗɗen da ke kan ƙirji. Da Marmaduke Pickthall ya fassara ma'anonin Alƙur'ani zuwa Turanci a 1930, da Abdullahi Yusuf Ali ya fitar da tasa daga 1934, dukansu "bosom" suka zaɓa. Ita "jaib" ɗin nan daga baya ta ɗauki ma'anar ma'ajin kuɗi na jikin riga a Larabci, kuma ita ce kakanninmu suka ara haɗe da "al" ɗinta, kamar yadda suka yi wa alƙalami da alƙali da albasa, ta zama "aljihu", wasu kuma su ce "aljifu". Duk wanda ya sa babbar riga a zauren nan ya duba inda aljihunta yake: a ƙirji yake, inda maɗinki ya zuba aska biyu ko aska takwas. Ashe amsar da muka rasa a aji huɗu tana jikin rigar iyayenmu.

Ma'ana ta uku ta fito ne daga ta biyu. In a ƙirjin riga ake ɓoye wasiƙa, to, a ƙirjin mutum ake ɓoye asiri. Sai kalmar ta zama mazaunin tunani da so da baƙin ciki. A ƙarshen ƙarni na 16 aka fara cewa "bosom friend", watau abokin da ka sa a wannan wuri, wanda ba ka ɓoye masa kome. Bajamushe ma yana da "Busenfreund" da wannan ma'ana. Har fi'ili suka ƙera, "unbosom", watau mutum ya amayar da abin da ke ransa. Mu Hausawa mun saukar da ma'ajin ƙasa kaɗan, muka kai shi ciki. Shi ya sa muke da farin ciki da baƙin ciki da zurfin ciki, muke kuma cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ƙirji kuwa mun bar masa jarunta da ɗaukar nauyi: namiji yakan bugi ƙirji ya ce zai yi, kuma a kowane aure akwai ƙirjin biki. Mai fassara nagari, in ya ga "bosom" a irin wannan wuri, sau da yawa "ciki" ko "zuciya" zai rubuta, ba "ƙirji" ba.

Ma'ana ta huɗu ta addinin Kirista ce. A Linjilar Luka, sura ta 16, akwai misalin wani mai arziki da wani matalauci Li'azaru, wanda bayan mutuwarsa aka kai shi ƙirjin Annabi Ibrahim, alaihis salam. Mutanen wancan zamani a kishingiɗe suke cin abincin biki, wanda ke kusa da mai gida kansa yakan zo daidai ƙirjinsa, wannan kuwa shi ne wurin girmamawa. Saboda haka ga Turawa ƙirjin Ibrahim ya zama wani suna na makomar salihai. Maganar ta shiga bakin kowa, har Shakespeare ya yi wasa da ita a wasan kwaikwayonsa na Sarki Henry na Biyar, na 1599. Wata mai gidan saukar baƙi, marar ilimi, tana ba da labarin mutuwar Falstaff, sai ta rikita sunaye ta kai shi ƙirjin Arthur, sarkin almarar Birtaniya. 'Yan kallo na wancan lokaci sun gane kuskuren nan take. Ɗalibin da bai san tarihin kalmar ba zai wuce wurin bai ko murmusa ba.

Kafin mu zo ƙarshe, bari mu ɗan leƙa wajen 'yan'uwanmu na sashen kimiyya, kada su ce mun manta da su. Kalmar Girkanci da Luka ya yi amfani da ita ita ce "kolpos", tana nufin ƙirji, tana kuma nufin inda teku ya kutsa cikin ƙasa kamar an rungume shi. Ita ce ta bi ta Italiyanci da Faransanci ta zama "gulf", sunan da ke kan taswira a mashigin tekun Gini, inda kogin Kwara yake juye ruwansa. Bajamushe ma ƙirjin teku yake kiran irin wannan wuri, "Meerbusen". Rumawa kuwa "sinus" suke cewa, ita ma ƙirjin riga ce kuma mashigin teku ce. To, masana lissafi na Indiya, irin su Aryabhata wanda ya rubuta littafinsa a shekarar 499, suna da wani ma'auni na kusurwa da suke kira da sunan tsirkiyar baka, "jiya" ko "jiba". Larabawa suka ari kalmar, suka rubuta ta da jimun da ya'un da ba'un, ba wasali. Waɗannan baƙaƙe uku kuwa su ne na "jaib", sai aka koma karanta ta haka. Da masu fassara suka zo mayar da littattafan Larabci zuwa Latin a Andalus a ƙarni na 12, suka ga "jaib" suka rubuta "sinus". Ita ce "sine" da ta hana da yawanmu barci a lissafin kusurwa. Ashe ita da aljihu kakarsu ɗaya a rubuce, kuma rikicewar karatu ce ta haɗa su. Mun ji daɗi da muka gano ba mu kaɗai muka taɓa yin tuntuɓe a kan wannan ƙirji ba.

Saura tambaya ɗaya: yaya aka yi kalma mai wannan faɗi ta ƙuntata har ta zama abin dariyar yara? Abu biyu ne suka haɗu. Na ɗaya, "chest" ta ƙwace aikin yau da kullum, aljihun ɗinki kuma ya kashe ma'anar tufafi, sai "bosom" ta koma kalmar littattafai da coci. Na biyu kunya. Masu ladabi da ba su son ambaton jikin mace kai tsaye suka riƙa fakewa da ita, tun da tsohuwa ce mai mutunci. Amma al'adar kalmar sakaye ita ce, in aka daɗe ana fakewa da ita, abin da take rufewa yakan shafe ta. A ƙarni na 20 har jam'i aka yi mata da wannan sabuwar ma'ana. Mu ma mun san inda kunya ta kai kalmarmu ta "gaba" a bakin masu magani, mun kuma san "bayan gida" da can wuri ne kawai a bayan gida. Ke nan ma'anar da ɗan ƙamus ɗinmu ya sa a farko ita ce autar ma'anoni. Ba laifinsa ba ne, domin ƙamus na 'yan koyo yakan fara da abin da aka fi ji a yau. Babban ƙamus na Oksfod kuwa, wanda aka fara fitarwa a 1884 aka kammala a 1928, da mafi tsufa yake farawa, ya bi su shekara da shekaru tare da misalai.

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu gobe za mu zama malaman makaranta, ko ma'aikatan ofis masu fassara takardun gwamnati, ko tafintoci a kotu, wasunmu ma sun riga sun kama aiki. Kuskurenmu na aji huɗu maki biyu kawai ya ci mana. Amma tafintan da ya mayar da amini ɗan'uwan shan nono a gaban alƙali, a shari'ar aure, ya san abin da zai iya haddasawa, domin shan nono yana haramta aure, abota kuwa ba ta haramta kome. Kada mu yarda da ma'anar farko da ƙamus ya miƙo mana sai mun tambayi zamanin rubutun da kuma wanda ya rubuta shi.

Har wa yau, akwai masu raina Hausa a cikinmu, suna cewa wai harshen are-are ne, rabi Larabci rabi Turanci. To, ga shi mun gani da idonmu: "chest" ta Rumawa ce, "gulf" ta Girkawa ce, "sine" kuwa sai da ta ratsa Indiya da ƙasashen Larabawa da Andalus kafin ta isa Ingila. Ba wanda ya ce Turanci ya ƙasƙanta saboda haka. Abin da suka fi mu da shi shi ne sun zauna sun rubuta tarihin kalmominsu ɗaya bayan ɗaya. Mu kuwa har yau in gardama ta tashi a kan tsohuwar kalma, ƙamus ɗin Bargery na 1934 muke fara ɗaukowa. Aiki ne babba, Allah ya saka wa waɗanda suka yi shi, amma ba shi ne ƙarshen magana ba, kuma tsofaffin da suka san bambancin gaba da kamu da taki suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka shawarar da muke ba wannan ƙungiya ita ce, in hutu ya zo kowane ɗayanmu ya ɗauki kalmar Hausa guda ɗaya ya tafi da ita gida. Ya tambayi kakarsa, ya tambayi maƙeri da masaƙi da mai haƙar rijiya, ya rubuta yadda suke faɗinta da abin da suke nufi da ita, da sunan garin da ya ji ta. In mun dawo mu tara abin da muka samo a wannan mujalla tamu. Da yayyafi kogi kan cika.

A nan za mu dasa aya.